Tambayar da Muka Cire Yau

Tun ƙarfe tara na safe muka zauna, ungozomomi uku da likitocin haihuwa biyu, a kan jarrabawar da muke shirya wa ma'aikatan da suka kammala horo kan na'urar CTG, wadda ke zana bugun zuciyar ɗan tayi da matsewar mahaifa a takarda guda. Makon jiya mun gwada tambayoyin a kan wasu ɗalibai, saboda haka aikin yau shi ne duba yadda kowace tambaya ta kaya.

Tambayoyin lambobi ba su ci mana lokaci ba. Kusan kowa ya san cewa bugun lafiya yana tsakanin 110 da 160 a minti ɗaya, kuma hawa da saukarsa tsakanin bugu 5 da 25, kamar yadda ƙa'idar 2015 ta FIGO, ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta duniya, ta tsara. Mun bar biyu kawai daga cikinsu a jarrabawar, domin ungozoma tana iya haddace waɗannan lambobi tsaf amma ta kasa gane haɗari idan takardar ta fito da tsakar dare, alhali ganewar ita ce muke son aunawa.

Inda muka daɗe shi ne kan tambayar da ni na rubuta, wadda nake ganin ta fi sauran kyau. Na sa hoton takardar da bugun ke faɗuwa, na tambaya ko irin faɗuwar nan ce mai jinkiri, wadda ke kai ƙasa bayan matsewar mahaifa ta kai ƙololuwa kuma take nuna ƙarancin iskar oksijin daga mabiyiya, ko kuwa mai saurin faɗuwa ce wadda yawanci matsewar igiyar cibiya ke haddasawa. Sakamakon gwajin ya nuna cewa ɗaliban da suka fi ƙoƙari a sauran jarrabawar su ne suka fi faɗuwa a wannan tambayar, abin da ke sa a zargi tambayar kafin a zargi ɗalibi. Sai muka rufe amsar, kowannenmu ya rubuta tasa a ɓoye, kuma muka rabu uku da biyu. Ɗaya daga cikin likitocin ya ɗaga takardar ya ce, "Malama, ina aka rubuta saurin tafiyar takardar?" Ban rubuta ba. A ƙasashe da yawa takardar tana tafiyar santimita 1 a minti, a Amurka kuwa santimita 3 ce, kuma faɗuwa ɗaya tana sauya kama gwargwadon saurin. Ga shi kuma an ƙanƙance hoton wajen bugawa har ƙananan layukan sun ɓace. Na ji zafin cire ta, amma idan mu masu koyarwa ba mu yi ittifaƙi kan amsa ba, zalunci ne a kayar da ɗalibi a kanta.

Bayan azahar muka sake gina ta daga tushe. Yanzu za a bayyana saurin takarda, da makonnin ciki, da cewa ana ba mai naƙudar ruwan oksitosin, wato maganin ƙara ƙarfin naƙuda, kuma matsewar ta wuce sau 5 a minti 10, sannan a tambayi matakin farko da za a ɗauka. Na dage kan cewa amsoshin da ba daidai ba su kasance kura-kuran da muke gani da idonmu a ɗakin haihuwa, kamar ci gaba da kallo na wani rabin awa, domin amsar da kowa ya san shirme ce ba ta auna komai.

Makin cin jarrabawa mun fara tsayar da shi ta hanyar Angoff, inda kowa ke ƙiyasta yadda ɗalibin da ke bakin iyakar cancanta zai amsa kowace tambaya. Na roƙi a ƙara sharaɗi cewa duk wanda ya kasa gane faɗuwar bugun da ta wuce minti 5 kada ya wuce, komai yawan makinsa. Ba mu yanke hukunci ba, an ɗaga maganar zuwa zama na gaba.

Da daren nan ina neman wata takardar mai tsawon aƙalla minti 20, wadda aka goge sunan mai ita, kuma zan aika wa kowane ɗaya daga abokan aikina huɗu ita daban ba tare da amsata ba.