Ciwon hanji na IBS: abin da takardar tambayoyi ba ta tambaya

Na daɗe ina duba masu ciwon hanji na IBS, wato murɗar ciki mai yawan dawowa tare da gudawa ko ƙin bayan gida, a wani ɗan asibiti a Agege, kuma har yau raina na ɓaci in na ga irin kuɗin da mutanenmu ke zubarwa kafin su iso. Mutum zai zo da leda cike da sakamakon gwajin taifot na Widal, ya sha Flagyl har bakinsa ya yi ɗaci. Wannan ya ce taifot, mai kemis ya ce olsa, mai maganin gargajiya ya ce basir. Ba wanda ya tambaye shi yadda yake barci.

Gane cutar ba wuya. Ƙa'idar da likitoci ke bi, Rome IV ta 2016, a fili take: ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata uku na baya, mai tafiya da canjin bayan gida, kuma ya faro tun wata shida. In babu jini a bayan gida, babu rama, shekaru ba su kai 50 ba, sai in ɗauko takardun tambayoyi na PHQ-9 da GAD-7, ta farko tambaya tara kan baƙin ciki, ta biyu bakwai kan fargaba. Wanda ya kai maki 10, zama na daban muke yi da shi.

Wani matashi ɗan acaba ne ya sa na daina yarda da makin kawai. Ya zo da maigidansa, dattijon na zaune a gefe yana jan carbi. Kowace tambaya na yi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Alhamdulillahi, Likita, ba komai.” Maki kusan sifili, alhali yana riƙe da mararsa da hannu biyu. Na ce, “Alhaji, a ɗan ba mu wuri zan duba cikinsa.” Ƙofa na rufuwa na ce, “Ƙanena, ina kake kwana?”

A barandar masallaci. An kama babur ɗin bayan dokar hana acaba da gwamnatin Legas ta fara aiki da ita a Yunin 2022, kuma babur ɗin na wannan dattijon ne da ya rako shi, bashin na wuyansa. Mahaifiyarsa a gida ba ta sani ba, tana jiran aike. Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki: banɗaki. Na kuɗi yake shiga, ga layi da asuba. Tsoron kada gudawa ta kama shi a cunkoson mota ya sa ya daina cin komai da rana, sai shayi mai kauri, da dare ya cika ciki da shinkafa da wake da barkono. Babu layi ɗaya a PHQ-9 ko GAD-7 da zai fito da wannan, kuma da maigidan bai fita ba, da sifilin nan zan rubuta a fayil.

Yanzu ba na cike takardar nan da ɗan rakiya a ɗaki, ko miji ne, musamman ma miji. Matan da ake duka ko ake hana su fita ba za su faɗa a gabansa ba, balle tambaya ta tara, ta tunanin mutuwa. Nakan kuma fara da faɗa wa mutum cewa ciwonsa gaskiya ne, hanji da ƙwaƙwalwa jijiyoyi ne suka haɗa su, tashin hankalin ɗaya na taɓa ɗayan. In ka tsallake wannan ka ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, ka rasa shi ke nan, zai ce likita ya kira shi mahaukaci. Haka in zan ba da amitriptyline miligiram 10 da dare, maganin da ake kuma ba masu ciwon baƙin ciki, sai na bayyana cewa don kwantar da jijiyoyin hanji ne, tun kafin mai kemis ya yi masa wata fassarar.

Yaron ya samu sauƙi sosai da ya koma cin abinci kaɗan kaɗan sau uku, ya kuma samu ɗaki mai banɗaki da 'yan garinsu a Mile 12. Bashin babur ɗin yana nan, kuma duk ranar da dattijon ya tayar da maganar, cikin na murɗawa. Na nemi izinin yaron in zauna da Alhajin a kan a sassauta masa biya, har yanzu yaron bai amince ba.