Sunan ya yi kama, amma shi ne? Aikin takunkumin kuɗin ta'addanci daga cikin banki

Aikina a sashen bin ƙa'ida na banki shi ne aiwatar da takunkumi, wato idan hukuma ta ce kada kuɗin wane ya motsa, hannunmu ne ke tsayar da shi. Jeri uku na sunayen waɗanda aka sa wa takunkumi nake buɗewa kowace safiya. Na farko na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya samo asali daga ƙuduri mai lamba 1267 na shekarar 1999. A nan aka sa Boko Haram a watan Mayun 2014, Ansaru da Abubakar Shekau suka biyo baya a watan Yuni, ISWAP kuma a 2020. Na biyu na Kwamitin Takunkumi na Najeriya, wanda Babban Lauyan Tarayya ke shugabanta ƙarƙashin dokar hana ta'addanci ta 2022. Na uku na OFAC, ofishin baitulmalin Amurka mai kula da takunkumi. Wannan na ukun ba dokar ƙasarmu ba ce, amma duk bankin da ke tura dala dole kuɗinsa ya ratsa ta wani banki a Amurka, kuma ranar da suka yanke maka wannan igiyar, kasuwarka ta waje ta watse.

Ƙa'idar ita ce a kulle ba tare da jinkiri ba kuma ba tare da sanar da mai asusu ba. Ana lissafin abin da awanni. Sabon suna na fitowa sai a loda shi a manhajar tacewa, a bi ta kan dukkan masu ajiya, tsofaffi da sababbi, har da masu sa hannu a asusun kamfani da ainihin masu kamfanin da ke bayan fage. Nan ne wahalar take, domin manhajar an gina ta ne a kan kamar haruffa, mu kuwa sunayenmu ba sa zama wuri ɗaya. Mutum guda zai zama Muhammad a fasfo, Mohammed a BVN, Muhammadu a takardar makaranta, Mamman a bakin 'yan unguwa. Abubakar na iya zama Bukar a Maiduguri, Garba ko Habu a Kano, ya tsallaka Maraɗi ya koma Aboubacar da rubutun Faransanci. Idan ka tsananta ma'aunin kama, ka ce sai harafi ya dace da harafi, wanda ake nema zai wuce ta gabanka don kawai an rubuta Ousmane maimakon Usman. Idan ka sassauta, duk wani Ibrahim Ali da ke ƙasar nan zai tayar da ƙararrawa, ma'aikata su gaji, su fara share faɗakarwa ba tare da karantawa ba. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, saboda a takarda komai zai nuna ana aiki.

Abin da ya yi mana amfani shi ne haɗa namu kundin laƙabi da sauye-sauyen rubutu da hannu, muka ciyar da manhajar da shi, sannan muka hana kowa rufe faɗakarwa da suna kaɗai. Sai an duba ranar haihuwa, garin haihuwa, lambar fasfo, BVN da NIN, da hoton da aka ɗauka ranar buɗe asusu. Ranar haihuwar ma da tarkonta: dattawa da yawa da ba su san tasu ba an rubuta musu 1 ga Janairu, don haka dacewar wannan rana ba hujja ba ce. Mutum biyu ke sa hannu kafin a ce "ba shi ba ne", kuma a rubuta dalili da cikakkiyar jimla. Masu binciken Babban Banki dalilin suke karantawa.

Idan kuwa shi ne, sai a sa wa asusun PND, wato a hana fitar ko kwabo. Kuskuren da sabbin ma'aikata suka fi yi shi ne rufe asusun gaba ɗaya a miƙa wa mutum ragowar kuɗinsa, ko a mayar da kuɗin da aka turo masa ga wanda ya turo. Duka biyun sakin kuɗi ne. Abin da ya shigo a bar shi ya shiga, ya daskare tare da na ciki. A bi kati, manhajar waya, lambar USSD, ajiyar wa'adi, asusun dala, da duk asusun da BVN ɗin nan ke maƙale da shi. Na ga inda aka kulle babban asusu aka manta da katin, kuɗi suka ci gaba da fita ta wurin mai POS har washegari. Daga nan sai rahoto ga kwamitin takunkumi, da rahoton mu'amala mai shakku ga NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi ta Najeriya, ta manhajar goAML cikin awa 24.

Sai kuma bakin kashiya. Mai asusu zai zo kanta yana tambaya, wataƙila maƙwabci ne, wataƙila sahu ɗaya suke bi a masallaci. Tsegunta masa cewa an kai rahotonsa laifi ne a doka. Muna koya wa ma'aikatan reshe jimla ɗaya: "Ranka ya daɗe, akwai hani a kan asusun, sai ka rubuta wa hedkwata." Kada a ƙara, kada a rage. Kullewa ba ƙwacewa ba ce, kuɗin nasa ne har sai kotu ta ce wani abu, kuma akwai hanyar neman izinin cire na abinci, haya da magani. Ƙuduri mai lamba 1452 na 2002 ya tanadi haka ga jerin Majalisar Ɗinkin Duniya. Izinin daga hukuma yake zuwa, manajan reshe ba shi da ikon bayarwa komai tausayinsa.

Ban taɓa ɗauka cewa wannan aiki shi ke busar da rijiyar ba. Mutum shida 'yan Najeriya da kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure, waɗanda OFAC ta saka a jerinta a watan Maris 2022, dala 782,000 aka ce sun tura wa Boko Haram daga Dubai. Irin wannan kuɗi mai ratsa iyaka shi takunkumi ke iya kamawa. Harajin da ISWAP ke karɓa daga masunta da makiyaya a bakin Tafkin Chadi, da shanun sata, da kuɗin fansa a buhu, ba sa leƙa ƙofar banki. Shi ya sa a 2016 gwamnatin Borno ta kai ga dakatar da wasu kasuwannin shanu, abin da ya taɓa 'yan kasuwa masu halal ma.

Matsin da ya gyara mu daga waje ya zo. Hukumar FATF, mai sa ido kan halasta kuɗin haram da kuɗin ta'addanci a duniya, ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido a watan Fabrairun 2023, ta cire ta a Oktoban 2025. Tsakanin nan tambayoyin bankunan waje suka ƙaru a kan kowace dala, kuma na ga yadda tsoro ke sa banki ya guji ƙungiyoyin agaji masu aiki a arewa maso gabas baki ɗaya, alhali ƙuduri mai lamba 2664 na Disambar 2022 ya ware ayyukan jin ƙai daga kulle kadarori. Yanzu idan fayil ɗin irin wannan ƙungiya ya zo teburina, takardar rajista nake nema, da sunayen amintattu, da inda kuɗin zai sauka, in tace su ɗaya bayan ɗaya kafin in ce e ko a'a.