Baturen da ya yi aiki da Sardauna da kuma mutanen Chagos

Jiya da daddare ina ta karance-karance a waya sai na ci karo da sunan Sir Bruce Greatbatch, wallahi har yanzu abin yana cin raina. Baturen nan ya daɗe yana aikin mulki a Arewa, har ya zama sakataren Firimiya Sardauna a Kaduna. To a 1969 aka naɗa shi gwamnan Seychelles, aka kuma haɗa masa da muƙamin kwamishinan tsibiran Chagos, wasu ƴan tsibirai can tsakiyar tekun Indiya da Ingila ta yanke daga Mauritius a 1965 don ta bai wa Amurka ɗaya daga cikinsu, Diego Garcia, ta gina sansanin soja.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne shi kwamishinan ba ma a can yake zaune ba, yana Victoria a Seychelles, tafiyar fiye da mil dubu a teku, alƙalami kawai yake mulki da shi. Mu nan a zamanin Turawa ko D.O. ne ai yakan fita rangadi, sarki da hakimai suna nan za su iya cewa ranka ya daɗe wannan ba zai yiwu ba, amma su mutanen Chagos ba sarki ba majalisa ba jarida, jirgin ruwa ne kaɗai ke haɗa su da duniya, shi ma hukuma ke da iko da shi. A 1971 Greatbatch ya sa hannu a dokar da ta haramta wa kowa zama a tsibiran ba tare da takardar izini ba, har da waɗanda kakanninsu a nan aka binne su, wai su ƴan ƙwadago ne na kwantiragi a gonakin kwakwa, alhali jami'an Landan sun san ƙarya ne.

Sai maganar karnuka, ita ce ta sa na ajiye wayar. Umarni ya zo daga Greatbatch a kashe karnukan Diego Garcia, aka tara su a rumfar da ake busar da kwakwa, aka rufe, aka tura musu hayaƙin motocin sojan Amurka, yara suna tsaye suna jin kukan karnukansu. Daga nan aka loda mutane a jirgin Nordvaer, aka je aka zube su a Seychelles da tashar jiragen Port Louis ta Mauritius ba gida ba aiki. Zuwa 1973 an kwashe kowa kaf, mutum tsakanin 1,500 da 2,000.

A 2000 babbar kotu a Landan ta ce dokar nan haramtacciya ce, Olivier Bancoult ne ya kai ƙarar, shi da aka raba shi da tsibirinsu yana ƙaramin yaro, amma a 2004 gwamnati ta sake fito da wata dokar da sunan Sarauniya ta toshe hanyar komawa. Tsofaffinsu da yawa sun rasu a Mauritius ba su sake ganin gida ba, su da kansu sunan da suke kiran ciwon da ke kashe su shi ne sagren, wato baƙin ciki.