Kuɗin adashin da na taɓa

Shekara uku ina riƙe da kuɗin adashin zumuntar maza a majami'armu ta Hausa da ke Agege. Mu goma sha huɗu ne: masu gadi, 'yan kasuwa, da waɗanda suka rasa abin yi bayan gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022. Duk Lahadi bayan sujada a zuba, ni in rubuta. Ba wanda ya taɓa neman ganin littafin. Cewa suke ɗan mai bishara ne daga wajen Malumfashi, hannunsa ba abin tsoro ba ne.

A ƙarshen Janairun 2023 na ci amanarsu. Tumatirin rani ya yi araha a Arewa, wani abokina ya ce mu haɗa jari mu yi lodi zuwa kasuwar Mile 12. Na ɗebi naira dubu ɗari shida da ashirin, ina gaya wa zuciyata aro ne, mako guda in mayar. Ban yi addu'a a kai ba, don na san amsar da zan samu.

Mota ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba, ta kwana biyu a rana. Ran da ta iso ina tsaye a bakin kasuwa tun asuba. Kafin a kwance igiya na ga jan ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashinta, ƙudaje sun riga mu. Kwandunan ƙasa duk sun zama miya. Ga shi lokacin canjin kuɗi ne, takardun naira sun ɓace daga hannun mutane. Matan da ke sayen fasasshen tumatir, wanda Yarbawa ke ce wa esha, ba su da tsaba, in sun tura ta waya kuma ba ya shiga. Dubu casa'in da biyar na tashi da ita.

Asara kowane ɗan gwari ya san ta, ba ita ta kayar da ni ba. Ƙaryar da ta biyo baya ce. Na ce wa 'yan'uwa kuɗi sun maƙale a banki, suka yarda nan take, don kowa layin banki yake kwana a lokacin. Wanda kwasa ta zo kansa mai gadi ne a Ikeja, yana jiran kuɗin ya biya hayar ɗaki da na jarabawar 'yarsa. Shi ne ma ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, ba laifina ba ne. Har yau in na tuna hannun nan, jikina yakan yi sanyi.

Na daina zuwa sujada. Sai in zagaya ta bakin layin dogo don kada in haɗu da kowa. Littafi Mai Tsarki ma na tura shi ƙarƙashin akwati. Maman yara ta gane akwai magana, amma ba ta matsa ba.

Kwana biyu bayan Ista, da daddare, wani dattijon ikilisiya ya yi sallama. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, ya hau bene har hawa na biyu. Ya tarar da maman yara tana ɗumama tuwo a kan kurfoti a baranda, ya ja kujera kusa da wutar.

"Ɗana, ka ci abinci?"

Na ce a'a, Baba. Ya ce to a zubo mana. Sai da muka wanke hannu ya tambaye ni inda Bitrus yake tsaye sa'ad da ya yi musun Ubangijinsa. Na ce a farfajiyar babban firist, yana jin ɗumin wutar gawayi. Ya ce in buɗe Yohanna 21. Nan ma wutar gawayi ce, a bakin teku, da kifi da gurasa a kai, kuma Yesu ne ya hura ta. Ya fara ciyar da mutumin da ya yi musunsa sau uku, sannan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa. Na karanta wurin nan tun ina makarantar Lahadi, ban taɓa lura cewa abinci ya riga tambaya ba.

Ban kai ƙarshen surar ba na faɗa masa komai, har adadin. Bai nuna mamaki ba. Ya ce, "Gafarar Allah kyauta ce, ɗana, amma kuɗin mutane sai ka biya. Ran Lahadi zan tsaya kusa da kai."

Ya kuwa tsaya. Na faɗi da bakina a gaban mutum goma sha uku. Mai gadin nan ya tashi ya fita, ya yi wata takwas ba ya amsa gaisuwata, kuma yana da gaskiya. Aka karɓi littafin, aka sa ni ƙarƙashin horo, wata shida ba na cin jibin Ubangiji. Wasu na ganin horon ikilisiya tozarci ne. Ni dai benci na baya da aka zaunar da ni a majami'a ya fi mini zagaye ta layin dogo sauƙi nesa ba kusa ba.

Na koma Mile 12 ina dako, ina sauke kwandunan wasu daga ƙarfe huɗu na asuba. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun shekarar, kuɗin mota daga Agege ya riƙa cinye kusan rabin abin da na samu, sai na koma kwana a kasuwa sau uku a mako. Maman yara ta sayar da keken ɗinkinta ba tare da na roƙa ba. Akwai makon da dubu biyu kawai na iya kaiwa, na kai ta a haka.

Wata goma sha tara aka ɗauka. Ragowar ƙarshe ta mai gadin ce, dubu goma sha takwas. Na same shi a bakin ƙofar gidan da yake aiki. Ya ƙirga a gabana sau biyu, ya ninke ya sa a aljihu. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya turo mini benci da ƙafa ya ce, "Zauna mana. Yaya yaran?"