Bos a bakin tsofaffi, ado a bakin 'yata

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki a Manchesta, talabijin ba ya hutawa. Shirin 'yan sanda suka fi so, kuma da zarar wani mai murtukakkiyar fuska ya fito, sai wata tsohuwa ta nuna shi da cokalin shayinta ta ce ga "baddie" nan. Mugun cikin fim ke nan, wanda mu a Kaduna muke ce wa bos tun zamanin kallon finafinan Indiya a gidan maƙwabta. Jarrabawar Turanci ta IELTS da na ci kafin in samu biza a 2022 ba ta san da wannan Turancin ba.

A watan Disamba aka kai 'yan makarantar su autata wasan "panto", wasan daɓen da Turawan Ingila ke yi lokacin Kirsimeti, na bi su cikin iyaye masu rakiya. Mugun na fitowa, zauren ya ɗauka da ihun "buu", manya da yara. Mutanen da ko a cikin bas ba sa ɗaga murya!

To, ranar ƙaramar Sallah na sha leshi, na kafa ɗauri, ga lalle har wuyan hannu, sai babbar 'yata ta ƙare mini kallo ta ce, "Umma, yau ke baddie ce." Babanta ya ajiye kofi ya ce ta maimaita. Da ƙyar ta samu ta yi bayani tana dariya: a wajen sa'anninta, mace ce mai kyau da ta iya ado, wadda ta san kanta, ba ta sunkuyar da kai ga kowa. Daga bakin baƙar fatar Amurka abin ya fito, su da suka daɗe suna yabo da "bad", sannan Instagram da TikTok suka watsa shi duniya.

Malam dai bai gamsu ba. Na tuna masa cewa shi da bakinsa yake cewa abu ya yi mugun kyau, kuma 'yan mata a gidan biki "shegiya, kin haɗu" suke ce wa ƙawarsu, ba mai jin haushi.

Ni ba kalmar ce ta tsaya mini a rai ba, rashin sunkuyar da kan ne. Mu kunya aka yi mana tarbiyya da ita, a nan kuwa malaman makaranta cewa suke yaro ya kalli babba ido cikin ido in yana magana. Na ce mata ta kalli malamanta yadda suke so, amma in kakarta ta kira a waya, ta gaishe ta da Hausa, kuma kada ta kuskura ta yabi Hajiya da wannan suna.