Abin da Na Ɓoye wa Likita

Ba don abin da ke cikin kaina na fara zuwa asibiti ba, don hannuwana na je. Fatar bayan hannun ta bushe ta tsattsage, har jini take fitarwa idan na dunƙule shi, kuma duk man da na shafa bai yi wani amfani ba. Likitar fata ta riƙe hannun tana juyawa a ƙarƙashin fitila, sannan ta tambaye ni sau nawa nake wanke hannu a rana. Na ce kamar kowa. Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan fatar ba ta mai wanke hannu kamar kowa ba ce." Sai na faɗi rabin gaskiya, na ce wataƙila sau talatin, alhali na san ya fi haka, kuma ban gaya mata cewa kowane wanki yana da ƙa'idarsa ba, wadda idan na kuskure ta sai na koma farko. Ta rubuta mini man shafawa, ta kuma haɗa ni da takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa.

Takardar nan ta yi wata huɗu a cikin aljihun jakata. A lokacin ina ganin cewa wanda ya shiga wannan sashe na asibiti ya amsa sunan mahaukaci ke nan, ni kuwa ina zuwa aiki, ina riƙe da iyalina, babu wanda zai kalle ni ya ce wani abu na damuna. Abin da mutane ba su gani shi ne yadda nake fita daga gida. Nakan kulle ƙofa, in murɗa hannunta sau bakwai, in kai bakin titi, sai zuciyata ta ce anya kuwa ta kullu, in dawo. Mafi muni shi ne tuƙi: idan mota ta taka ɗan rami na ji girgiza, sai tunani ya faɗo mini cewa mutum na buge, kuma ko da idona ya ga babu kowa, sai na zagayo na duba gefen hanya. Akwai ranar da na zagaya wuri ɗaya sau biyar. Waɗanda na ɗan buɗe wa cikina sun ce waswasi ne, in daure in kawar da kai, kuma na yarda da kyakkyawar niyya suka faɗa, sai dai da kawar da kai yana yiwuwa da tuni na yi.

Matata ce ta sa na je, bayan wani dare da na tashe ta sau uku ina tambayarta ko ta tabbata an kashe murhu. Ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai, "Maigida, ni na gaji da amsa maka, kai kuma amsar ba ta isar ka."

Likitan ƙwaƙwalwar bai yi mamakin komai ba, kuma wannan ne ya fara kwantar mini da hankali. Ya bayyana mini cewa cutar, wadda likitoci ke kira OCD a taƙaice, tana da ƙafa biyu: tunani mai kutse wanda mutum ba ya so kuma yake tayar masa da hankali, da kuma aikin da yake maimaitawa don ya samu sauƙin wannan tashin hankalin. Sauƙin yakan zo, amma na ɗan lokaci ne, kuma kowane maimaici yana ƙara koya wa ƙwaƙwalwa cewa hatsarin gaskiya ne. Ya ce tana kama kusan mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa, kuma yawanci tana farawa ne a ƙuruciya ko farkon balaga, abin da ya dace da ni, don tun ina makaranta nake sake karanta layi ɗaya har sai na ji ya zauna daidai. Daga cikin abin da suke dubawa akwai ko abin yana cinye wa mutum fiye da awa ɗaya a rana. Da muka lissafa nawa, dariya ta kusa kama ni don takaici. Ya kuma yi mini tambayoyi goma na wani ma'auni da ake kira Yale-Brown, wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 40, don a san inda aka fara a kuma gane ko ana samun ci gaba.

Duk da haka, a wannan zama na farko ban faɗi maganar tuƙi ba. Tsoro nake ji kada ya ɗauka cewa da gaske na taɓa buge wani, ko kuma ina da muradin yin hakan. Sai a zama na uku na faɗa, kaina a sunkuye. Ya ce wannan nau'i sananne ne, kuma yadda tunanin yake firgita ni shi kansa alama ce ta cewa ya saɓa wa halina. Na yi nadamar makonnin da na ɓata, domin an tsara mini jinya a kan wanke hannu da duba ƙofa, alhali babban ciwon yana can a ɓoye. Likita bai san gaibu ba, abin da ka ba shi da shi yake aiki.

Jinyar ta kasu biyu. An ɗora ni a kan magani daga rukunin da ke aiki a kan wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ake kira sirotonin, irin wanda ake bai wa masu ciwon damuwa, sai dai a wannan cuta sau da yawa ana buƙatar adadi mafi yawa, kuma ana iya ɗaukar mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken tasirinsa. Da ba a gaya mini haka ba da na watsar da shi a mako na biyu, lokacin da babu abin da na samu sai tashin zuciya da rashin barci. A nan ne kuma wata rashin lafiyar tawa ta shigo. Ina da gyambon ciki tun da daɗewa, kuma nakan sayi maganin ciwon jiki da kaina idan baya ya dame ni, ban taɓa tunanin wannan ya shafi likitan ƙwaƙwalwa ba. Da mai ba da magani ya tambaye ni abin da nake sha, ya ja hankalina cewa haɗa wasu magungunan kashe zafi da wannan sabon magani yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Tun daga ranar nake yawo da takarda ɗaya mai ɗauke da sunan duk abin da nake sha, kuma kowane likita na gani sai na miƙa masa ita.

Kashi na biyu shi ne mai wuya, wato horon fuskantar abin tsoro tare da hana kai yin aikin maimaicin, hanyar da wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Victor Meyer ya fara bayyanawa a Landan a 1966. Ni da mai horar da ni muka jera abubuwan da nake tsoro daga ƙarami zuwa babba. Aikina na farko shi ne in taɓa hannun ƙofar ofishinta, in zauna hannuwana a kan cinya, ba wanki. Zufa ta karyo mini, ina jin tafin hannuna kamar ana hura masa wuta, ina kallon agogon bango. Ba ta ce mini babu abin da zai faru ba, duk da na roƙe ta ta faɗa, domin neman tabbaci daga bakin wani shi ma maimaici ne, kamar wankin. Bayan kusan rabin awa sai na lura tsoron ya sauka da kansa, ba tare da na yi komai ba. An kira matata ita ma aka koya mata ta daina amsa tambayar murhu, kuma ta ce wannan ya fi mata wuya fiye da tashin dare.

Ban warke sarai ba, kuma ba a yi mini alkawarin haka ba. Da na ji sauƙi na taɓa rage maganin da kaina, sai jiri da tsohon waswasin suka dawo tare, na koma wurin likita da kunya, ya mayar da ni kan adadin farko ya ce idan lokacin ragewa ya yi tare za mu yi shi, a hankali. Fatar hannuna ta warke tun tuni. Makon jiya mota ta taka rami a hanyar dawowa daga aiki, tunanin ya zo kamar yadda ya saba, da ƙarfinsa. Na riƙe sitiyari da kyau, ban kalli madubi ba, na ci gaba da tafiya da shi a raina har na isa gida.