Kafso Biyu Ba Magani Ba Ne: Yadda Ake Zaɓen Antibiyotik Da Yadda Ake Shansa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako a Yamai, ko tashar mota a Tawa, ya san farantin nan da ake tallar magani a kai: parasetamol, maganin ƙarin jini, sai kafso kala-kala da ake ɓallewa ana sayarwa bibbiyu. Mutum ya ce cikinsa na murɗawa, a miƙa masa ja da rawaya guda biyu. Gobe maƙwabcinsa ya zo da ciwon haƙori, su ɗin dai za a ba shi. Waɗannan kafso antibiyotik ne, maganin da aka yi don kashe bakteriya, kuma kalarsu ba ta nuna abin da ke ciki. Kowane kamfani na yi wa nasa launin da ya ga dama, har amoksisilin da tetrasiklin kan zo cikin riga iri ɗaya. Ga rana tana dukansu tun safe, alhali yawancinsu an rubuta a kwalinsu kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 25 ko 30. A bazarar Tawa kuwa ma'auni kan haura 40.

Kafin a kai ga tambayar wanne za a sha, akwai wadda ta fi ta: ana ma bukatarsa? Murar hunturu, da majina, da ciwon maƙogwaron da ke zuwa tare da atishawa, yawanci birus ne ke kawo su, antibiyotik kuma ba ya taɓa birus. Majina ta koma kore ko rawaya ba hujja ba ce. Tarin da mura ta bari kan kai mako biyu zuwa uku yana raguwa da kansa. Zazzaɓi kuma, a ƙasarmu, gwajin cizon sauro ake fara yi, ɗan digon jinin nan da ake ɗiba a yatsa a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20. Idan zazzaɓin sauro ne, maganinsa daban.

Taifot na da nasa rikicin. Gwajin Widal da ake yawan yi yana iya nuna cutar a jikin wanda ba ya da ita, musamman mai zazzaɓin sauro ko wanda ya taɓa yin taifot a baya. Mutane da dama sun sha siprofloksasin kwana da kwanaki a kan wannan takarda kaɗai. Likitan kirki yana haɗa ta da yanayin majiyyaci, in da hali ya tura a shuka jini a laburatuwa, wato a raini ƙwayoyin cutar da ke cikinsa don a gane su.

Zawon yara shi ne inda aka fi ɓarnar magani. Zawo na ruwa, ba jini, abin da yake bukata shi ne ruwan gishiri da sukari na leda, a dama leda ɗaya cikin lita ɗaya na ruwa mai tsabta, da ƙwayar zinc miligram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligram 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba. Flagyl, wato antibiyotik ɗin metronidazol, da uwaye ke ɗura wa yaro da zarar kashi ya yi ruwa ba ya tsayar da irin wannan zawo. Sai in an ga jini a kashin, wato atuni, ko ana zargin kwalara, sannan antibiyotik ke shigowa.

To, yaushe ne jinkiri ke zama haɗari? Ga yaro mai tari, a ƙirga numfashinsa. A bari ya natsu, ba yana kuka ko tsotso ba, a ɗaga rigarsa, a sa agogon waya, a ƙirga sau nawa ƙirjin ya ɗaga cikin cikakken minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Idan numfashin ya yi sauri haka, ko ƙasan ƙirji na lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, ciwon huhu ne ake tsoro, a nufi CSI a ranar. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a nan shi ne amoksisilin mai narkewa a ruwa, ƙwaya mai miligram 250, safe da yamma: guda ɗaya ga yaro mai kilo 4 zuwa ƙasa da 10, guda biyu ga mai kilo 10 zuwa ƙasa da 14, guda uku ga mai kilo 14 zuwa 19, yawanci na kwana biyar. Ku lura, nauyi ake bi. Shi ya sa majo, wato babban ma'aikacin jinya na CSI, ke ɗora yaro a sikeli kafin ya rubuta, shi ya sa kuma ragowar siron wa ba ya zama maganin ƙane. Yaron da ya kasa sha ko kama nono, ko yana aman duk abin da ya shiga cikinsa, ko yana jijjiga, ko an kasa tashinsa daga barci, wannan ya wuce maganin baki. Haka jaririn da bai kai wata biyu ba in jikinsa ya yi zafi.

Sanƙarau ma ba ya jira. Mutanen Yamai ba su manta annobar 2015 ba. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya sandare, ko maɗigar jariri ta kumbura, a lokacin zafi da ƙura: asibiti kai tsaye, inda za a yi allurar seftriyakson. Kafson da aka fara sha a gida ba ya warkar da shi, sai ma ya ɓata gwajin ruwan ƙashin baya.

Batun zaɓi, tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibiyotik gida uku. Na farko su ne na yau da kullum, irin su amoksisilin, kloksasilin, kotrimoksazol, doksisiklin da metronidazol, waɗanda suka isa yawancin cututtuka. Na biyu su ne waɗanda ake sa wa ido domin bakteriya na saurin saba musu, cikinsu har da seftriyakson, siprofloksasin da azitromisin. Na uku an ajiye su sai an rasa mafita. Abin takaici, gida na biyun nan ne ya zama abin yayi. Majiyyaci ya shigo yana neman allura don yana ganin ta fi ƙwaya ƙarfi, wani ma'aikacin kuma ya biye masa don kada a ce bai iya aiki ba. Ga wanda ke iya haɗiya, kuma ciwonsa bai yi tsanani ba, amoksisilin ta baki na shiga jini sosai, ba tare da ƙurjin allura a ɗuwawu ba. Abin da ke sa a zaɓi wannan a bar wancan shi ne inda cutar take a jiki, da irin bakteriyar da ta saba zama a wurin, da shekaru, da juna biyu, da lafiyar ƙoda. Maruru da ya nuna kuwa, tsagawa a fitar da mugunya ne maganinsa na farko.

Ciwon fitsarin da ke tafiya yana dawowa, gara a kai fitsari a shuka shi kafin a haɗiyi ƙwaya ta farko. Bayan kwana biyu zuwa uku takarda za ta nuna sunan bakteriyar da magungunan da har yanzu ke kashe ta. Ciwon sanyi kuma, ba a yi wa mutum ɗaya magani a bar abokin kwanciyarsa, in ba haka ba sai dai a yi ta miƙa wa juna.

An rubuta, an saya a farmasi, saura sha. "Sau uku a rana" na nufin kowace awa takwas, domin kada maganin ya ragu a jini har bakteriya su farfaɗo. Mafi sauƙi: bayan asuba wajen ƙarfe 6, bayan azahar ƙarfe 2, sai ƙarfe 10 na dare. Mai azumi ya faɗa wa likita tun kafin ya rubuta, don ba a haɗa kaso biyu a sha lokacin buɗe baki. Wanda ya manta ya sha da zarar ya tuna, sai in lokacin na gaba ya kusa, to ya tsallake, kada ya ninka. Kwanakin kuma sun bambanta: wani biyar, ciwon maƙogwaro na bakteriya goma don kare zuciya, tarin fuka wata shida. Jin sauƙi a rana ta biyu ba warkewa ba ce. Idan kuma an cika kwana uku babu wani sauƙi, a koma wurin wanda ya rubuta, kada a ƙara wani magani a kai.

Siron yara yana zuwa ne a gari cikin kwalba. A fara girgiza garin ya saki, a zuba ruwan da aka tafasa ya huce zuwa rabi, a rufe a girgiza, sannan a cika daidai layin da ke jikin kwalbar. Ruwa ya wuce layi, magani ya tsinke. A girgiza kafin kowane sha, a auna da cokali ko sirinjin da ya zo a kwalin, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Wanda aka haɗa da asid klabulanik, irin su Augmentin, firigo yake so, kuma bayan kwana bakwai ya tashi aiki. Gidan da babu firigo, a faɗa wa mai farmasi ko akwai ƙwaya mai narkewa a madadinsa.

Siprofloksasin da tetrasiklin ba sa shiri da nono, da kindirmo, da ƙwayar ƙarin jini, da zinc, da farin maganin gyambon ciki. Ƙarfen da ke cikinsu na kama maganin a hanji ya hana shi shiga jini. Mai shan sipro ya sha shi awa biyu kafin waɗannan, ko awa shida bayansu, wato ba da furar rana ba. Doksisiklin a sha shi a zaune da cikakken kofin ruwa, ba dab da kwanciya ba, don yana ƙona maƙoshi in ya maƙale. Dangin tetrasiklin ba na mai juna biyu ba ne, ba kuma na yaron da bai kai shekara takwas ba, saboda suna rina haƙora. Rifampisin na tarin fuka yana mai da fitsari ja, wannan ba komai, amma yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa, abin da ake yawan mantawa a gaya wa mata.

Ɗan zawo ko tashin zuciya abu ne da aka saba gani. Borin jini kuwa, da kumburin leɓe ko fuska, da sarƙewar numfashi bayan shan dangin penisilin, irin su amoksisilin, a tsaya nan take a nufi asibiti, a kuma riƙe sunan maganin har abada. Haka ƙurajen da ke fesowa a baki da ido da fata bayan Bactrim, wato kotrimoksazol.

Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi gargaɗin cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Kafso biyu na kashe masu rauni, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa, su kuma bi hannu da ruwa da masai zuwa jikin wasu. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 sanadin bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Garke ma na cikin lissafin. Oksitetrasiklin da makiyayan Adar ke yi wa shanu da awaki allurarsa ɗan gida ɗaya ne da kafson mutane, yana kuma fita a nono ya zauna a nama. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha nonon dabbar ko a yanka ta. Wanda ba ya karatu ya sa ma'aikacin dabbobi ya duba masa tun ranar allurar, ya kuma tatsi wannan saniyar a ƙwarya daban.